Wuƙar da Na Wanke da Ruwan Teku

Shekara talatin da takwas na yi ina duba wuƙaƙen mahauta a wata mayanka da ke wajen Makka, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa barin wuƙa mai aibi ta hau wuyan dabba ba. Ba alfahari nake yi ba. Aikina ke nan, da shi aka san ni. Lokacin hadaya, idan raguna suka cika fili har ido ba ya ganin ƙasa, mahauta daga ƙasashe dabam-dabam sukan jeru a gabana, kowa da wuƙarsa a tafin hannu. Nakan ɗaga ta in dubi bakinta ta gefen haske, in ƙwanƙwasa ta da farce in saurari amonta, sannan in shafa ta a gashin damtsena. Wadda ta aske, ta wuce. Wadda na ji mata giɓi, komai ƙanƙantarsa, sai in mayar wa mai ita, domin wuƙa mai giɓi azaba ce ga dabba, kuma mun san hukuncin azabtarwa tun muna durƙushe a gaban malam. Da wannan ilimi na yi ritaya, da shi kuma na kusa halaka aminina.

Aminin nan nawa Badamagare ne, tsohon direban tankar ruwa. Mun yi maƙwabtaka a unguwar Jarwal shekaru masu yawa, da aka soma rushe tsofaffin gidaje domin faɗaɗa kewayen Harami kuma, sai Allah ya sake haɗa mu a lungu ɗaya ta wajen unguwar Mansur. Da yake ni Bakano ne, wasan da ke tsakanin garuruwanmu ya biyo mu har ƙasa mai tsarki. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Bakano" yake ce mini, idan ya so tsokanar ta yi zafi ya ce "bawana", ni kuwa in ce masa "baƙauye", ko da a gaban jikokinmu ne, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suna kallonmu suna mamakin tsofaffin da ke faɗa suna dariya.

A ƙuruciyarsa ya yi su a Tafkin Chadi, kuma abin bai taɓa fita daga ransa ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, irin wadda a nan ake kira wanet, ya riƙa zuwa gaɓar teku a Shu'aiba kowace Talata. Yakan shiga ruwa har ƙirji da birginsa, wato ragar nan ta jifa mai dalma a baki, ya tsaya cik kamar zalɓe, sannan ya watsa ta. Ya daɗe yana jana in raka shi, ina kawo uzuri.

Dalilin ƙin nawa ban taɓa faɗa masa ba a lokacin. Ina da shekara goma sha ɗaya muka ƙetaro tekun nan daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin a cikin jirgin katako, ni da mahaifina da mahaifiyata, bayan tafiyar da ta cinye mana kusan shekara biyu daga Kano. A rana ta biyu zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyata. Aka naɗe ta a farin mayafinta, aka yi mata salla, matuƙan jirgin suka ɗaura mata dutse suka saukar da ita a hankali. Ruwan garau yake, rana kuma tana tsaka. Na ga farin nan yana sauka, yana ƙanƙancewa, yana ɗan kaɗawa kamar mai yafito, kuma ya daɗe bai ɓace ba. Mahaifina ya sa hannu ya rufe mini ido, amma ya makara. Tun daga ranar ban sake sa ƙafata a ruwan teku ba, ko da yake na je Jidda sau ba adadi kan sha'anin takardu.

"Bakano, ni ba cewa na yi ka shiga ba," in ji aminina wata rana bayan La'asar. "Ka zauna a tudu ka dafa mini shayi. Ai aikin bawa ke nan."

Na bi shi, don kada ya ce tsoro nake ji.

Wurin da yake zuwa nesa yake da inda iyalai ke shimfiɗa tabarmi. Sai an bar kwalta an bi wani burtali na yashi da gishiri, har a iso inda jawwal, wato wayar hannu, ba ya kamawa. Babu itace, babu gida. Can cikin ruwa, kamar tazarar da ke tsakanin Safa da Marwa, akwai wani tsohon jirgin ƙarfe da ya hau duwatsun murjani ya kafe tun shekarun da ba wanda ya iya gaya mana. Ya karkata gefe guda, tsatsa ta cinye shi har ana hango sama ta cikin haƙarƙarinsa. Abin da na fara lura da shi, tsuntsu ba ya sauka a kansa. Idan iska ta taso bayan Azahar takan ratsa ta ramukan jikinsa ta fitar da wani sauti mai kauri, kamar nishin majinyaci a ɗaki na kusa. Da safe kuwa wurin shiru ne, irin shirun da idan ka yi magana muryarka take faɗuwa a gabanka. Nakan zauna a inuwar wanet, in dubi aminina tsaye a cikin ruwan da ke nuna ƙafafunsa a karye, in riƙa jan carbi da sauri fiye da yadda na saba.

A zuwanmu na huɗu ya fito da ƙujewa a ƙauri, yana riƙe da wani guntun zare kore, mai santsi, wanda ƙananan kwanson teku suka manne wa.

"Ka ga wannan? Mataccen taru ne," ya ce. "Masunta sun yar da shi ko ya tsinke musu, ya kwanta a kan murjani. Ba ya ruɓewa, Bakano, na roba ne. Yana nan yana kamun kifi ba tare da mai shi ba. Yau ya shafi ƙafata, kamar yana gwada ta."

"To ka bar shiga ta nan mana."

"Nan kifin yake. Ka taɓa ganin Badamagare ya gudu?" Ya yi dariya, sannan ya daina. "Saurara. Tuƙi ya sandarar mini da baya, ka san ko ruku'u a kujera nake yi. Idan abin nan ya kama ni a idon sawu, ko da wuƙa a hannuna ba zan kai gare shi ba. Kai ne za ka shigo ka yanke. Ruwan bai wuce ƙirji ba. Kai da kake cika mana baki kan wuƙa tun muna da baƙin gashi, je ka zaɓo mana wadda za ta yi. Raina yana hannun Allah, amma sababinsa na rataya shi a ƙugunka."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a duk Makka babu wanda zai zaɓa masa wuƙa kamar ni. Na kuwa yi imani da abin da na faɗa.

Washegari na sa farar jallabiyata na tafi wani shagon kayan farauta da zaman daji. Mai shagon ɗan Yaman ne, siriri, wanda gishiri ya jajanta wa ido, domin ya yi aikin nutso kafin ya zauna kasuwa. Da na gaya masa buƙatata, sai ya miƙo mini wata aba da na ji kunyar riƙe ta. Mariƙinta na roba ne, ruwan lemo, mai kaushi. Ƙarfenta fari ne fat. Rabin bakinta haƙora ne kamar na zarto, a bayanta akwai wata 'yar ƙugiya, tsininta a dakushe. Kubenta ma na roba ne, kuma duk ramuka.

"Wannan ce ta bahar, ya Amm," ya ce, wato ta teku, ya Baffa. "Ƙarfenta ba ya tsatsa. Haƙoran nan su ke cin igiya, ƙugiyar tana tsinke zare da ja ɗaya. Tsinin an dakusar da shi ne don kada ka huda wanda ka je ceto. Ramukan kube kuma, don ruwa ya shiga ya fita."

Na ƙwanƙwasa ta da farce. Amonta matacce ne, kamar na cokali. Na shafa ta a damtsena, ta ja gashi ba ta aske ba. Na ajiye ta a kan tebur da yatsa biyu.

"Ɗana," na ce masa da Larabci, "shekara talatin da takwas ina mayar wa mutane wuƙa saboda giɓi ɗaya. Kai kuma ka ba ni wadda aka ƙera da giɓi ashirin da gangan?"

"Ba rago za ka yanka ba, ya Amm."

Idona ya riga ya sauka kan wata da ke rataye a bayansa, irin wadda ake kira wuƙar soja, baƙa wuluk, doguwa, mai nauyi a hannu. Na karɓa na ƙwanƙwasa, ta yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Na ɗora ta a damtsena, gashi ya zube ba tare da na ji komai ba. Wannan shi ne ƙarfen da na sani, ƙarfe mai tauri da ke karɓar wasawa ya riƙe kaifi.

Mai shagon bai yi musu da ni ba. Ya sunkuya ya ɗauko wata kwalba mai faɗin baki daga ƙarƙashin tebur, ya ajiye ta a gabana. Ruwan cikinta ja ne, kamar ruwan da aka wanke nama. A ciki akwai guntayen ƙarfe biyu. Ɗaya yana ƙyalli. Ɗayan ya kumbura, ya yi ɓawo, yana sakin wani jan gari da ke sauka ƙasa a hankali ko da ba a taɓa kwalbar ba.

"Ruwan bahar ne. Wancan mai ƙyallin ɗan'uwan wadda ka ƙi ne, wannan kuma ɗan'uwan wadda ke hannunka. Idan ka nace, tayyib, ɗauki. Amma duk ranar da ta taɓa bahar, ka wanke ta da ruwan daɗi, ka busar da ita, ka shafa mata mai, kada kuma ka sa ta a fata. Bahar ba ta gaggawa, ya Amm, amma ba ta mantuwa."

Na ɗauki maganarsa a matsayin dabarar 'yan kasuwa. A Makka aka haifi sana'ata, garin da za ka manta wuƙa a kan soro shekara guda ka dawo ka same ta yadda ka bar ta. Tsatsa a wurina cutar wuƙar malalaci ce. Na sayi baƙar, na bar masa kuben da ta zo da shi, na kai ta wurin wani baduku Basakkwace da ke zama a bayan Mansur, ya ɗinka mata kube na jar fata mai kauri, wanda ya kama ta tsam har sai an ɗan yi ƙarfi kafin ta fito. Haka muke son kube: wuƙar mutumin kirki ba ta faɗowa da kanta.

Aminina ya juya ta a hannu ya yi fito. "Bakano, yaƙin Damagaram za ka rama?"

Talata uku a jere na yi aiki da ita a bakin ruwa, ina feɗe kifin da ya kamo, tana ratsa su kamar man shanu. A nan na yi kuskuren da har yau nake juyawa a raina. Al'adar mayanka ita ce, idan ka gama aiki ka wanke wuƙa da ruwa mai tsarki, ka share ta, ka mayar kube. Mun kuma karanta tun muna yara cewa ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, ana alwala da shi. Saboda haka nakan tsuguna a inda igiyar ruwa ke ƙarewa, ba tare da na bari ta taɓa ƙafata ba, in tsoma wuƙar in wanke ta tas, in share ta da gefen rawanina, in zura ta a kube da ɗan danshinta. A ganina na cika sharaɗi. Ruwan daɗin da muke zuwa da shi na shayi ne da na sha, ban ga dalilin ɓata shi a kan abin da ya riga ya tsarkaka ba.

Daga nan lokacin Hajji ya shigo. Hanyoyi suka cika, aminina ya samu aikin jigilar ruwa zuwa Arfa, ni kuma baƙi daga gida suka cika mini falo. Na rataye wuƙar a ƙusa a bangon ɗakina, ta yi kusan mako bakwai ban taɓa ta ba. Ba a zare wuƙa haka kawai don kallo; haka aka koya mini.

Wata safiya uwargidana tana shara ta tsaya a gaban bangon.

"Malam, wuƙar nan taka kuka take yi?"

Na duba. Daga bakin kuben wani siririn layi ja-ja ya gangaro a kan farin fenti, tsawon ɗani guda, ya bushe. A ɗakin da ko gumi ba ya daɗewa. Na ce mata rinin fatar ne yake zuba, baduku bai iya jima ba. Ta dube ni, ta dubi bangon, ta ci gaba da shararta.

Ranar da muka koma Shu'aiba, teku kwance take kamar faranti. Ban taɓa ganinta haka ba. Jirgin nan da inuwarsa sun haɗu sun zama abu ɗaya, ba ka sanin inda ƙarfe ya ƙare. Ƙananan ƙaguwoyin da ke yawo a yashi, waɗanda na saba kora daga tabarmata, ranar babu ko ɗaya. Na ɗaura wuƙar a ƙuguna kamar kullum, na hura wuta na ɗora shayi. Har Azahar aminina bai kama komai ba, don haka ban sami dalilin zare ta ba. Muka yi salla, ya ce zai ƙara jifa uku ta wajen bakin murjani, inda ruwan ke sauya launi daga kore zuwa shuɗi mai duhu.

Iska ta taso yana cikin jifa na biyu. Jirgin ya fara nishinsa. Na ga aminina ya juyo zai fito, ya yi taku ɗaya, sannan ya tsaya. Ya sake yunƙurawa, ya tsaya. Bai yi ihu ba. Ya ɗaga hannu ɗaya kawai, ya kira ni da muryar da yake kirana shan shayi.

"Bakano. Zo."

Ba zan ce na yi jarumta ba. Na tsaya a bakin ruwa, ƙafafuna suka ƙi, har sai da na ga igiyar ruwa ta farko ta taso ta mare shi a haɓa. Sannan na shiga, da jallabiyata da komai. Ruwan ɗumi ne kamar jini. Murjani yana yanka tafin ƙafata ta cikin takalmi, jallabiyar tana jana baya, kuma kowane taku sai in ji kamar ƙasa za ta ƙare. Da na isa gare shi ruwan ya kai mini ƙirji, shi kuwa da yake ya fi ni gajarta, kowace igiya sai ta rufe masa baki ta wuce.

"Ƙafar hagu," ya ce tsakanin igiya da igiya. "Ya naɗe har gwiwa. Da na ja, sai ya ja."

Na kama mariƙin wuƙar na fizga. Ba ta motsa ba.

Na sake fizga da hannu biyu, kuben ya biyo ta har ya kusa tsinke maɗaurinsa. Wuƙar da fatar sun zama abu ɗaya. Aminina ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, kuma a idonsa na ga ya gane kafin ni.

"Kwance ta," ya ce. "Ba ni kuben, ka ja mariƙin."

Haka muka tsaya, tsofaffi biyu a tsakiyar ruwa, yana riƙe da kube ina riƙe da mariƙi, muna ja kamar yara masu gardamar rake. Igiya ta rufe shi, ya fito yana tari, bai saki ba. Na sa haƙori na ciji ɗinkin, na ji ɗanɗanon gishiri da ƙarfe, zaren ya tsinke ɗaya bayan ɗaya. Muka sake ja, sai ta fito da wani sauti kamar an yage ɓawon gyambo. Ruwan da ke tsakaninmu ya rine ja, irin jan kwalbar mai shago sak.

Abin da ke hannuna ba wuƙar da na saya ba ce. Baƙin fentinta ya ɗaɗɗago, jikinta ya yi ƙuraje, guntayen fata sun manne mata. Bakin da ya aske damtsena ya zama kamar bakin tsohuwar fartanya.

Na ja numfashi na nutsa. Na buɗe ido, gishiri ya soke ni, amma na gani. Tarun ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba. Ya shimfiɗu a kan murjani, ya gangara ta bakin ramin zuwa cikin shuɗin da ba a ganin ƙarshensa, yana tashi yana kwanciya a hankali kamar ƙirjin mai barci. A jikinsa akwai ƙasusuwan kifi, farare, a jere. Can ƙasa kuma, inda haske ya fara ƙarewa, wani farin abu ya maƙale a cikinsa yana kaɗawa. Na san buhu ne ko leda. Na sani a lokacin, na kuma sani yanzu. Amma sai da na fito na sha iska na yi ta'awwuzi kafin na iya komawa, kuma da na koma ban sake duban wajen ba.

Na ɗora bakin wuƙar a kan zaren na yanka yadda na saba, ja ɗaya mai tsawo. Ta zame. Na sake, ta zame. Zaren roba ba wuyan rago ba ne, gudu yake yi a gaban ƙarfe. Sai a kusa da mariƙi, inda tsatsa ta fi ci, na ji zare ya faɗa cikin wani giɓi ya tsaya. Na goga, ya tsinke. Da wannan giɓin na yi aikin, irin giɓin da na shekara talatin da takwas ina korar mutane saboda shi. Zare ɗaya, biyu, in fito in sha iska, in ga fuskar aminina ta ƙara yin toka, in koma. Ban san sau nawa na nutsa ba. A wani fitowar na tarar ya daina magana, ya ɗaga haɓa sama, leɓunansa kawai ke motsi.

Saura igiyar tarun ɗaya mai kauri, wadda ta zagaye idon sawunsa. Na sa ta a giɓin na goga da duk ƙarfin da ya rage mini. Ta ci rabi. Sannan wuƙar ta karye daga gindinta, ƙarfen ya sulale daga hannuna, ya yi ƙasa yana jujjuyawa, ya bi gangaren nan. Na fito da mariƙi kawai.

"Ja!" na ce masa. "Ja, baƙauye, don Allah ja!"

Na rungume shi ta ƙugu muka faɗa baya tare. Igiyar ta tsinke, ta tafi da fatar idon sawunsa. Yadda muka kai tudu ban iya ba da labarinsa ba. Na dai tuna yana kwance a yashi yana amayar da ruwa, shayin da na ɗora ya ƙone a kan wuta, jirgin kuma yana ta nishinsa kamar ba abin da ya faru. Ni da ban taɓa tuƙi a babbar hanya ba, ni na ja wanet har inda jawwal ya kama.

Ya yi kwana tara a asibiti, domin ruwan ya shiga huhunsa. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma numfashinsa bai koma daidai ba. Daga ƙofar gidansa zuwa masallacin lungu sai ya tsaya sau biyu. Birginsa ya tafi a ranar, bai kuma nemi wani ba.

A rana ta shida na je duba shi, na same shi zaune an jingina shi da matashi. Muka gaisa. Ya daɗe yana kallon hannuwana.

"Malam," ya ce. Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba. "Kana wanke ta kuwa?"

"Ina wankewa. Duk ranar da na yi aiki da ita."

"Da wane ruwa?"

Na sunkuyar da kai. Shi kuma bai sake tambaya ba, har yau. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce in miƙo masa ruwa ya sha.

Bayan ya fito na koma shagon ɗan Yaman. Na ajiye mariƙin a kan teburinsa. Ya ɗauka ya duba gindin da ya karye, ya tambaye ni ko mutumin yana raye, na ce yana raye, ya ce alhamdu lillahi. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, wannan kuwa ya fi mini zafi da a ce ya yi mini gori. Na sayi mai ruwan lemon, da haƙoranta da ƙugiyarta da kubenta mai ramuka. Na roƙe shi ya cika mini kwalba da ruwan teku, na zo gida na tsoma ta a ciki na rufe, domin ban ƙara yarda da farcena ko damtsena ba. Na ce zan ba ta kwana arba'in. Ta yi arba'in ɗin, ta yi shekara, ruwan yana nan garau, ko ɗigon ja babu.

Na ɗauki kwalbar na kai wa aminina ya gani. Ya juya ta a hasken taga, ya ce, "Ta yi kyau, Malam. Allah ya sa albarka." Na tsaya ina jiran ya ƙara da wani abu, ko da cewa ne bawa ya yi hankali bayan an gama yaƙi. Sai ya miƙo mini ita da hannu biyu, cikin ladabi, kamar yadda ake miƙa wa baƙo.

Tana nan a kan kantar ɗakina, a cikin ruwanta, ba ta taɓa yanka komai ba. Layin nan na bango kuwa, uwargidana ta sa an shafe shi da fenti har sau biyu. Duk lokacin da zafi ya tsananta yakan sake ɓullowa ta ƙarƙashin farin, siriri, tsawon ɗani guda, daidai ƙasan ƙusar.